Tambayoyi da Amsoshi kan Aikin Binciken Ciwon Daji da Gyaran Ƙwayoyin Gado

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin ɗaliban kimiyya na Samaru da Shika a Zariya, da kuma iyayen da ke son sanin inda karatun 'ya'yansu zai fitar da su. An jero su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma duk inda wata amsa ta jingina da wata an nuna.

Malam, shi mai binciken kimiyyar lafiya likita ne?

Ba lallai ba. Likita yana duba marar lafiya ya ba shi maganin da aka riga aka tabbatar da ingancinsa. Mai bincike kuwa aikinsa shi ne gano yadda cuta ke kama jiki tun daga ƙwayar halitta, da neman abin da zai tare ta. Da yawansu ba su taɓa rubuta wa kowa magani ba, rayuwarsu a ɗakin gwaje-gwaje take, tsakanin na'urori da kwalaben sinadarai da kwamfuta. Akwai masu haɗa biyun, irin su Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likitanci a Ibadan, ta kuma yi suna a Jami'ar Chicago wajen binciken yadda ake gadon sankarar mama, musamman a tsakanin mata 'yan asalin Afirka.

Mu dai mun san ciwon daji da ƙari ko gyambon da ba ya warkewa. Yaya mai bincike yake kallonsa?

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da rubutaccen umarni da ake kira DNA, harufa wajen biliyan 3 daga uwa, wasu biliyan 3 daga uba, kuma a cikin rubutun akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Duk sa'ad da ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun nan kaf, kamar yadda almajiri ke kwafar karatu a allo, wani lokaci ta tsallake harafi ko ta musanya shi da wani. Jiki yana da hanyoyin gyara irin wannan kuskure, amma wasu sukan kuɓuce. Idan suka faɗa kan ƙwayoyin gadon da ke ba da izinin rabuwa, ko kan masu tsayar da ita irin su TP53, suka kuma taru shekara da shekaru, sai ƙwayar ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, ta ƙi mutuwa, daga baya ta bazu zuwa wasu sassan jiki.

Shi ya sa ciwon daji ba cuta ɗaya ba ce, nau'insa ya haura 100, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan. Duk da cewa matsalar a ƙwayoyin gado take, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ake gada daga iyaye. Sauran a tsawon rayuwa ake samun su, ta hanyar taba, ƙwayoyin cuta, guba a abinci, ko tsufa.

To mene ne gyaran ƙwayoyin gado?

Jinya ce da ake yi wa shi rubutun kansa. Ko dai a shigar da lafiyayyar ƙwayar gado inda ta jikin ta lalace, ko a kashe wadda ke ɓarna, ko a gyara harufan a inda suke. Galibi ana ɗora saƙon ne a kan wani bairos da aka cire wa ikon sa cuta, tun da shi dama gwani ne wajen kutsawa cikin ƙwayar halitta. Gwajin farko da hukuma ta amince da shi an yi shi a Amurka a 1990, a kan wata yarinya 'yar shekara 4 da aka haifa da raunin garkuwar jiki. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da wata dabara mai kama da almakashi, wato CRISPR, a yanka DNA a daidai inda ake so, aikin da ya samo musu kyautar Nobel a 2020. Daga nan fannin ya zabura, domin abin da a da sai manyan cibiyoyi ke iyawa ya zama ɗalibin digiri na biyu ma zai koya.

Ina alaƙar wannan da maganin ciwon daji?

Inda aka fi cin nasara zuwa yanzu shi ne abin da ake kira CAR-T. Ana ɗibar jinin marar lafiya, a ware sojojin garkuwar jiki nau'in T, a sa musu sabuwar ƙwayar gado da za ta sa su gane wata alama da ke jikin ƙwayoyin sankara, a yawaita su a ɗakin gwaji, sannan a mayar masa ta jijiya. Rukunin Carl June a Jami'ar Pennsylvania na cikin waɗanda suka kai wannan dabara gadon asibiti, kuma a watan Agustan 2017 Amurka ta amince da wani maganin CAR-T mai suna Kymriah don wani nau'in sankarar jini ta yara da matasa. Akwai yaran da duk wani magani ya gaza musu, aka yi musu wannan, suna nan raye sun girma.

Sai dai kada a ɗauka an gama. Jinyar na iya tayar da garkuwar jiki fiye da kima har marar lafiya ya kwanta a sashen kulawa ta musamman. Sannan a sankarar jini ta fi aiki. A kan ƙari mai tauri irin na mama, hanta ko mahaifa, waɗanda su ne suka fi damun mu, har yanzu ana fama. Wannan giɓi shi ne aikin da ke jiran masu tasowa. Batun kuɗinta kuwa yana cikin amsar tambayar tsada a ƙasa.

Wane kwas zan karanta?

Ƙofofin da yawa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da su: bayokemistiri, ilimin ƙananan halittu, ilimin ƙirar jiki da na aikin gaɓoɓi, harhaɗa magunguna, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, likitancin dabbobi, da likitancin mutane. Wanda ya nemi likitanci aka ba shi bayokemistiri kada ya zauna yana jimami shekara huɗu, domin ta wannan ƙofa manyan masu bincike da dama suka shigo. Masu lissafi da kwamfuta ma suna da gurbi babba, tun da nazarin DNA yanzu tarin alƙaluma ne da sai an iya sarrafa su.

Shekara nawa ake ɗauka kafin a zama mai bincike mai cin gashin kansa, kuma yaushe ake ganin amfanin aikin?

Digiri na farko shekara 4 zuwa 6 gwargwadon kwas, sai bautar ƙasa, digiri na biyu wajen shekara 2, digirin digirgir shekara 3 zuwa 5, sannan yawanci a ƙara wasu shekaru ana aiki a ƙarƙashin wani babba kafin mutum ya buɗe nasa ɗakin gwajin. Yajin aiki da rashin kayan aiki sukan ƙara tsawon hanyar a nan gida.

Amfanin aikin kuwa ya fi haka jinkiri. A 1960 aka gano wata tawaya a ƙunshin DNA na masu wani nau'in sankarar jini a Filadelfiya. Sai a 2001 maganin imatinib, wanda ke toshe ainihin abin da tawayar ke haifarwa, ya samu amincewa, ya mayar da cutar da ke kisa cikin 'yan shekaru ta zama wadda ake rayuwa da ita ana shan ƙwaya kullum. Shekara 41 ke nan, hannuwa da yawa suka taɓa aikin. Kuma cikin magunguna 10 da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kusan 9 ba sa tsallakewa. Wanda bai shirya wa wannan a zuciyarsa ba zai sha wahala.

Ana iya irin wannan bincike a Zariya kuwa, ko sai an fita waje?

Ana iya wani ɓangare mai muhimmanci a nan, wani kuma sai da haɗin gwiwa. A Shika akwai asibitin koyarwa mai sashen gasa ƙari da haske da kula da masu ciwon daji, inda ake turo marasa lafiya daga jihohin Arewa da dama, da sashen nazarin cututtuka da ke duba samfurin nama. A Samaru akwai cibiyar nan ta Afirka mai binciken cututtukan da aka yi wa rikon sakainar kashi da fasahar halittu, wadda Bankin Duniya ya tallafa. Marigayi Farfesa Andrew Nok a sashen bayokemistiri na nan ya yi aikinsa kan ƙwayar cutar sammore da ciwon barci, har ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009. Haka kuma a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru aka fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda aka sa wa ƙwayar gado mai kare shi daga tsutsa. Wake ba mutum ba ne, amma dabarun ciro DNA da tantance ta iri ɗaya ne, kuma akwai hannuwan da suka iya su a garin nan.

Abin da ke ba da wuya shi ne wuta da kayan aiki. Ƙwayoyin halittar da ake reno suna bukatar ɗumi na digiri 37 dare da rana, samfura kuma sanyi na digiri 80 ƙasa da sifiri; wuta ta ɗauke kwana ɗaya ba janareta ko sola, aikin watanni ya lalace. Sinadarai da dala ake sayo su, su daɗe a hanya. Saboda haka shawarata ita ce a kafa tushe a nan, a fita a koyo abin da babu, amma a tafi da tambayar gida a hannu. Wace tambaya? Duba amsa ta gaba.

Wane irin ciwon daji ya kamata ɗan Arewa ya sa a gaba?

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta 2022 ta nuna sabbin masu cutar a Najeriya sun kai kimanin 127,000 a shekara, waɗanda suka rasu kusan 80,000, kuma sankarar mama, ta furostet a maza, da ta bakin mahaifa su ne kan gaba. Yawancin marasa lafiyarmu sai cutar ta yi nisa suke isa asibiti, don haka duk binciken da zai samar da gwaji mai arha na gano ta da wuri ya fi mana amfani a yau fiye da magani mai tsadar da ba mai iya saye.

Akwai kuma waɗanda suka fi kusa da mu. Sankarar hanta tana tafe da ciwon hanta nau'in B da kuma gubar afulatoksin da fumfuna ke zubawa a gyada da masarar da ba su bushe da kyau ba. Idan biyun suka haɗu a jiki ɗaya haɗarin yakan ninka, kuma gubar tana barin tabo sananne a ƙwayar gado ta TP53 da aka ambata a sama. Sankarar mafitsara tana da alaƙa da tsargiya, wadda yaranmu ke ɗauka a kududdufi da madatsun ruwa. Akwai sankarar Burkitt mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda aka fara bayyana ta a Yuganda a 1958, mai alaƙa da zazzaɓin cizon sauro da bairos na Epstein-Barr. Farfesa Victor Ngu ya samu kyautar Lasker a 1972 saboda aikin da ya yi kan jinyarta a Ibadan. Sannan tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, bairos ɗin da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kuma dole a samu masu bin diddigin tasirinsa a garuruwanmu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a manyan nazarce-nazarcen DNA na duniya, 'yan asalin Afirka ba su kai ko kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka nazarta ba, alhali nahiyar ce ta fi kowace bambancin ƙwayoyin gado. Ana auna magani a jikin wasu, a kawo mana mu sha. Yadda sankarar mama take a jikin Bahaushiya ko Bafulatana, ba wanda zai zo ya binciko mana idan 'ya'yanmu ba su yi ba.

Yaya ranar aiki take a ɗakin gwaji?

Maimaici ne mai yawa: canza wa ƙwayoyin halitta ruwan abinci, auna ɗigon sinadari, jiran na'urar PCR mai yawaita kwafin DNA ta gama, rubuta komai a littafin aiki, karanta abin da wasu suka wallafa. Gwaji yakan ƙi fitowa sau da dama kafin ya fito, kuma ko ya fito sai an sake shi an ga ya tabbata.

Kakanninmu suna da magungunan daji na gargajiya. Me ya sa ba a bincikensu?

Ana yi, kuma sashen harhaɗa magunguna na Zariya ya daɗe yana nazarin tsirran ƙasar Hausa. Wasu manyan magungunan sankara ma daga tsirrai suka fito: binkiristin, da ake ba yara masu sankarar jini, daga wani fure ne ɗan asalin Madagaska, fakilitaksel kuma daga ɓawon wata bishiya ta Amurka. A gida ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar da Niprisan don masu amosanin jini daga haɗin tsirrai.

Amma ga inda ɗalibai ke tuntuɓe. Jiƙon ganye ya kashe ƙwayoyin sankara a faranti bai zama magani ba, domin abubuwa da yawa suna kashe su a faranti, har da guba. Sai an ware sinadarin da ke aikin, an san yadda yake yi, an gwada a dabbobi, sannan a mutane mataki-mataki. Wanda ya fita gidan rediyo ya ce ya gano maganin daji bayan gwajin ɓeraye, mace mai ƙari a mama za ta ji shi ta fasa zuwa Shika, kuma alhakinta na wuyansa.

An ce ana warkar da sikila da wannan hanya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ya shafe mu fiye da kowa, tun da ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da cutar a Najeriya kowace shekara. Harafi ɗaya tak ne ya sauya a ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin jan jini. A Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da wata jinyar gyaran ƙwayoyin gado ta sikila mai suna Casgevy, Amurka ta biyo baya a Disamba. Ana ciro ƙwayoyin asali na ɓargon marar lafiya, a yi amfani da CRISPR a sake kunna irin sinadarin jinin da jariri ke da shi tun yana ciki, wanda ba ya lanƙwashewa, sannan a mayar. Kafin a mayar sai an share ɓargon da magani mai ƙarfi wanda kan iya hana haihuwa, a kuma yi makonni a asibiti. Dabarar reno da dasa ƙwayoyin jini da ake bukata a nan ita ce ake bukata a CAR-T, kuma an fara dashen ɓargo a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Benin. Gwajin jini kafin aure dai yana nan da muhimmancinsa.

Idan magungunan nan sun fi ƙarfin aljihunmu, mene ne amfanin karantarsu?

Tsadar gaskiya ce: Kymriah ya fito a kan dala 475,000, Casgevy kuma dala miliyan 2.2. Amma a duba Indiya. Masanan can, a wata kwalejin fasaha da asibitin Tata da ke Mumbai, sun ƙera nasu CAR-T mai suna NexCAR19, aka amince da shi a 2023, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. Da suna jiran a rage musu, da har yau suna jira. A 2019 kuma hukumar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Gates sun yi alƙawarin dala miliyan 200 don neman irin wannan jinya ta sikila da ƙanjamau da za ta isa Afirka. Ranar da za a kawo gwajin nan, za a nemi waɗanda suka san aikin a ƙasa.

Ba shiga hurumin Allah ba ne a taɓa halittar mutum? Kuma ba haɗari?

Jinyar da muke magana a kai tana gyara ƙwayoyin jikin marar lafiya ne shi kaɗai, 'ya'yansa ba sa gadon gyaran. Majalisun fiƙihu na duniya sun halatta irin wannan idan don magani ne, amfanin ya rinjayi cutarwa, kuma da yardar mai jinya. Taɓa ɗan tayi ko maniyyi ta yadda zuriya za ta gada wani abu ne daban. Masanin Sin He Jiankui da ya yi haka a 2018 ɗaurin shekara 3 ya sha. Mai shakka ya zauna da malaminsa, amma ya fara fahimtar da shi wanne daga ciki ake nufi.

Haɗari kuwa akwai. A 1999 wani matashi ɗan shekara 18 ya rasu a gwaji a Amurka, a Faransa kuma wasu yaran da aka yi wa jinyar garkuwar jiki sun kamu da sankarar jini daga baya. Mu a Arewa ba mu manta gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau a Kano a 1996 ba, da yadda ya zubar da amanar jama'a shekaru da dama. Don haka ba a taɓa jini ko naman kowa sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, ya san yana da ikon ƙi ba tare da an rage masa kulawa ba.

Baba yana tambaya: da wannan aikin ana riƙe gida?

A gaya wa Baba ana riƙewa, amma ba hanyar tara dukiya ba ce. Ana samun aiki a jami'o'i, a cibiyoyi irin su NIPRD da NIMR ta Legas da NICRAT mai kula da binciken ciwon daji a Abuja, a NAFDAC, da kamfanonin magunguna. Kuɗin binciken kansa daga tallafi yake zuwa, irin na TETFund a gida, ko Commonwealth, DAAD, TWAS da Wellcome a waje. Iya rubuta takardar neman tallafi rabin sana'ar ne.

Ni mace ce. Zan iya haɗa wannan da aure da reno?

Za ki iya, da shiri da goyon bayan maigida, kuma ya kyautu a yi maganar tun kafin a ɗaura. Ana bukatarki matuƙa, domin matan da ke fama da sankarar mama da ta mahaifa sun fi sakin jiki su faɗa wa 'yar'uwarsu mace abin da ke damunsu. Idan kin samu juna biyu ki sanar da mai kula da aikinki da wuri, saboda akwai sinadarai da hasken gashi da dole ki nisanta.

Yanzu ina aji uku. Me zan fara yi?

Ka nemi yin koyon aikinka na SIWES a inda ake taɓa DNA da hannu, ko da wankin kwalabe za a fara ba ka. Ka riƙe darasin ƙididdiga da kyau, ka koyi harshen kwamfuta na R ko Python, akwai darussansu kyauta a intanet. Ka saba shiga PubMed, rumbun maƙalun kimiyyar lafiya a intanet, kana karanta maƙala ɗaya har ka gane yadda aka yi gwajin, ba taƙaitawar kawai ba. Wajen zaɓen aikin kammala karatu, ka ɗauki ƙaramar tambaya daga cikin waɗanda aka zayyana a amsar cututtukan Arewa, wadda kayan aikin da ke sashenku za su iya amsawa. Duk abin da gwaji ya nuna shi za ka rubuta, ko da ya saɓa wa abin da kai ko malaminka kuke fata, kuma ka kiyayi mujallun da ke karɓar kuɗi su buga aiki ba tare da masana sun tantance ba. In za ka rubuta wa farfesan wata jami'a neman gurbi, ka karanta aikinsa tukuna, ka ambaci abin da ka fahimta a ciki da abin da hannunka ya iya, ka kuma haɗa da sunan malaman da za su ba da shaida a kanka.